Zuciyar Mai Jego

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen yau, wata maƙwabciyata ce a nan Mando. Ta haihu lafiya, aka yi suna, aka watse. Sati uku bayan nan sai ƙafafunta suka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara, sai dai ta kwana a zaune. Aka ce sanyi ne, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce zuciyarta ce ta buɗe.

To, me ake nufi da zuciya ta buɗe? Ita zuciya tsoka ce, an gina ta da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai zarurruka masu tsukewa su saki, su ne ke harba jini. Waɗannan ƙwayoyi ba sa hayayyafa kamar na fata. In aiki ya yi musu yawa, sai kowace ta ƙara tsawo da kauri. Mai ciki kuwa jininta yakan ƙaru da kusan rabi, don haka zuciyarta kan ɗan ƙara girma, ta koma daidai bayan haihuwa.

Amma a jikin wasu matan ba ta komawa. Zarurrukan nan sai su yi sanyi, wasu ƙwayoyin su mutu, tabo ya maye gurbinsu, shi kuwa tabo ba ya tsukewa. Kun san robar siket in ta saki? Haka zuciyar take zama, ga faɗi, babu ƙarfi. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

A 2007 masana a Jamus sun gano cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, wato furolaktin, yakan tsinke a jikin wasu mata, guntunsa ya lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Wannan ba dalilin yaye jariri ba ne, sai in likita ne ya ce. A 2016 kuma aka gano wasu matan gadon raunin suka yi, a wani zare mai suna titin.

Wannan ciwo namu ne, 'yan uwa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda aka kiyasta yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. Sun ɗora laifin a kan wankan jego, da kwanciya a gado mai wuta, da kunun kanwa. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano daga baya ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki. Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta son ƙarin kaya.

Ga alamomin, ku riƙe su: haki ko da shara kika yi, kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, tarin dare, kumburin ƙafa, faɗuwar gaba. Yakan zo daga watan haihuwa har wata biyar bayanta.

In kin ga haka, kada ki ce sai an yi arba'in. Ki gaya wa maigida a daren. Iyayenmu masu yi mana wanka, don Allah ku sa baki a bar ta ta fita. A fara da asibiti mafi kusa, in ta kama a tura ta Barau Dikko ko Shika a ɗauki hoton zuciya. Da magani a kan lokaci mata da yawa sukan warke, amma kafin wani cikin sai a nemi shawarar likita.

Maƙwabciyar tawa tana nan tana shan magani, jiya ma na ji ta tana yi wa ɗanta wasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya abin da muka haifa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.