Hanya da Lokaci: Yadda Direban Karaye Zai Shiga Kano



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992, noman rani ya ƙaru, motocin da ke kai amfanin gona Kano daga Karaye da Rogo su ma suka ƙaru. Amma sanin hanya kaɗai ba ya isar direba; sai ya san sa'ar da gari yake buɗe.

Alal misali, an saba hana zirga-zirga a Kano ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, saboda tsabtace muhalli. Ran Jumma'a kuwa sahun masallata kan cika titunan da ke gaban manyan masallatai. A 2020, lokacin kullen korona, har an taɓa taƙaita fita ga Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa 4.

To, mu ɗauki motar da ta yi lodin tumatir da masara, ta biyo ta Gwarzo za ta shigo ta Kabuga. Tumatir na kasuwar 'Yankaba ne, can kan hanyar Haɗeja, watau sai an keta gari. Masara ta Dawanau ce, kan hanyar Katsina. Wanne za a fara saukewa? Tumatir, domin masara tana iya jira, shi kuwa awa uku cikin kwando a rana na rage masa daraja, kuma manomi ne zai ɗauki hasarar.

Saboda haka lissafi daga baya ake faro shi. A sa sa'ar rufe hanya tukuna, a ɗebe lokacin sauke kaya, a ɗebe na keta gari, a ɗebe na tafiya, sa'an nan a bar rara saboda faci ko shingen bincike. Abin da ya rage shi ne sa'ar tashi daga Karaye. Masana lissafi biyu, Dantzig da Ramser, sun yi rubutu kan rabon hanyoyin motocin kaya a Amurka tun 1959, amma tushen dabarar ke nan.

Ku ma'aikata kuwa, in za ku rufe hanya, ku yi shela da wuri, har ta kai tashar Rogo. Da ma an ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sanarwar da ta iske direba a Kabuga ta makara.