Allurar da ta Kwanta: Lacca kan Wutar Dashbod a Tsofaffin Motoci



Abin da muka zo tattaunawa yau ƙarami ne a ido, watau allurai da fitilun nan da ke gaban direba a tsohuwar mota. Amma injin da aka tara kuɗinsa shekara da shekaru yana iya ƙonewa cikin minti kaɗan saboda kwan fitila guda da ya mutu ba a kula ba.

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma fara haɗa Volkswagen a Legas. Abin ya zo daidai da kuɗin Udoji da suka shiga hannun ma'aikata, sai 404 da 504 da Beetle suka cika titunan ƙasar nan. Yau waɗannan motoci sun tsufa, amma ragowarsu na nan, wasu gado ne daga iyaye, wasu kuwa suna ta jigilar hatsi da mutane tsakanin Dutsi da Daura da Mashi da Mani. Ba su da kwamfutar da za a jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. Bakinsu ɗaya ne, shi ne dashbod, kuma da yawansu mun bar bakin nan ya rufe.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Wuta takan taso daga batir, ta bi makulli, ta ratsa fis, ta shiga geji, sa'an nan ta bi waya guda zuwa wani ɗan ma'auni da ke jikin inji ko cikin tanki, daga nan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Ma'aunin zafi yakan ƙara sakin wuta gwargwadon yadda ruwa ke ɗumama, shi ya sa allura ke hawa. Na tanki kuwa wani abu ne mai iyo bisa mai, yana hawa yana sauka tare da shi. Na baƙin mai makunni ne kawai: idan ƙarfin bugun man ya faɗi, sai ya haɗa wuta da jikin inji, jar fitila ta kama. Gejin gudu shi ba ruwansa da lantarki, igiyar ƙarfe ce ke juya shi, don haka kada a nemi ciwonsa a wayoyi.

Wanda ya fahimci wannan da'ira ya sami rabin gyara. Saura bin tsari.

Na farko, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba. Wajibi ne fitilar baƙin mai ta kama, haka ma ta caji a motar da ke da ita. In ɗaya ba ta kama ba, to mai gadinka ya yi barci, kuma ba a kama hanya sai an tashe shi. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a motoci masu yawa, ta kwan fitilar caji ne altaneta ke samun 'yar wutar da take farawa da ita. Kwan ya mutu, caji yana iya tsayawa, a yi ta zagin batir alhali ba shi da laifi.

Na biyu, a ƙidaya masu ciwo. In allurai biyu ko uku suka kwanta lokaci guda, ko suka riƙa rawa duk sa'ad da aka kunna fitilar hanya, ba su ne suka lalace ba, abin da suka yi tarayya a kai ne: ko fis, ko wayar da ke manne da jikin mota wadda wuta ke komawa ta cikinta. A ƙasarmu nan ne aka fi samun matsala. Ƙurar hunturu takan shiga mahaɗai, damina ta zo ta mai da ita tsatsa, zafin bazara ya busar da robar waya ta tsage, ɓeraye kuma su bi ƙamshin hatsi su ƙarasa aikin. Sau da yawa samfefa da ɗaure noti sun isa.

Na uku, in allura guda ce ta kwanta, a raba gardama tsakaninta da ma'auninta. A cire wayar da ke kan ma'aunin zafi, a kunna makulli, a ɗan taɓa bakin wayar da jikin inji na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In allura ta harba sama, geji da waya lafiyarsu lau, ma'aunin ne ya mutu. In ba ta motsa ba, a bi waya daga inji har bayan dashbod. Na tanki kuwa a bar wa rewaya, domin tartsatsi da tururin fetur ba sa zama inuwa ɗaya.

Na huɗu, a auna da mita. Lafiyayyen batir da ya huta yakan nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In adadin bai tashi ba bayan an ta da inji, caji ba ya shiga.

Akwai kuma saƙon da ba a jinkirta shi. A 504, fanbel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa, saboda haka in caji ya faɗi zafi kuma ya hau, bel ne ya tsinke. Beetle ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, kuma fankar tana kan janareta ɗaya da bel ɗin ke ja. Jar fitilar caji ta kama a Beetle, a tsaya nan take a duba bel, ko da ana hango Daura.

Yanzu mu zo ga ɗabi'unmu. Fis ya ƙone, sai a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko a cusa guntun waya. Ai shi fis an yi shi ne don ya mutu a madadin mota, wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa wayoyin duka ga gobara. Mafi muni shi ne cire kwan jar fitila don tana damun direba, ko don mai sayen mota kada ya gani. Fitilar ta yi shiru, amma baƙin man bai dawo ba, kuma ranar da inji ya yi nokin a daji da yara a baya, ba wanda zai tuna arahar da aka samu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

'Yan'uwa, da yawanmu za mu riƙe ofisoshi, wasunmu ma sun fara. A kowane ofis akwai ɗan ƙaramin ma'aikacin da aikinsa shi ne ya kunna jar fitila: akawun da ya ce lissafi bai daidaita ba, ko magajin sito da ya ce kaya sun ragu. Wanda ya saba cire kwan fitila a motarsa, ba zai yi masa wuya ya yi wa wannan ma'aikaci canjin wurin aiki ba. Mu koyi tambayar dalilin da ya sa fitila ta kama kafin mu kai mata hannu.

Muna roƙon duk mai tsohuwar mota a cikinmu, gobe da safe kafin ya ta da inji, ya murɗa makulli ya duba wace fitila ce ta amsa, wace ce ta yi shiru. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya.