Dalilin da ya sa asibiti ke ƙirga marasa lafiya



Da yawanku kun tambaye mu abin da ya sa malaman asibiti ke yawan tambaya: yaushe gudawar ta fara, wane layi kuke, ina kuka ɗebo ruwa. Wasu har sun daina zuwa don tsoron a taɓa musu katin abinci. Littafin asibiti daban, na rabo daban. Adadi kawai ake aikawa, ba suna ba.

Duk mako ana haɗa adadin, a kwatanta da na makonnin baya. In masu amai da gudawa suka ƙaru a layi guda, sai a je a gwada ruwan wurin. Ba mu manta da Mayun 2025 ba, lokacin da wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, mutane suka koma shan ruwan kogin Nilu. Kwalara ta ɓarke a jihar Khartum, Jabal Awliya na cikin wuraren da ta fi tsanani.

Ana ƙirga waɗanda suka rasu ma. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, in ana kula da masu kwalara yadda ya kamata, mutuwa ba ta kai 1 cikin 100. In ta haura, asibitin kansa ake bincika: ruwan da ake ƙara wa majinyata ya ƙare ne, ko babu mai kwana da dare?

Amma wanda ya rasu a gida aka binne shi shiru, ba ya shiga lissafi. Takarda ta ce lafiya lau, alhali ana zaman makoki. Mun san faɗar da nauyi. Duk da haka ku sanar da ma'aikacin lafiya na layinku, ko da bayan jana'iza ne.