Wajibcin Kafa Gidan Tarihi a Jega

   

Maƙasudin wannan lacca shi ne in jawo hankalinku zuwa ga wata amana da magabata suka bar mana, wadda take salwanta a hannunmu kullum rana ta Allah, watau kayan tarihin Jega, wannan gari na bakin gulbi, sa'an nan in bayyana dalilan da suka sa nake ganin kafa musu gida na musamman ya zama wajibi a kanmu.

Ba sai mun yi nisa wajen neman abin koyi ba, domin ga shi nan a Argungu. Tsohon gidan sarautar Kabi, wanda sarakuna suka zauna a cikinsa har shekarar 1942 da aka koma sabuwar fada, da an bar shi da ruwan sama da gara da yanzu ya zama kango. Amma sai masu hangen nesa na wancan zamani suka mayar da shi gidan tarihi a 1958, suka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin mulkin Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina birnin Surame. Wanda ya shiga wannan gida zai ga masu da takubba da baka da kwari da tambura da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna a harabarsa. Haka nan bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, da yake mutanen garin sun riƙe shi da daraja, sai ga hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016. Kabawa sun adana abinsu, duniya ta zo ta same su a gida.

To, mu fa me muke da shi? Wani zai ce ai Jega ba ta taɓa zama babban birnin daula ba, balle a sami abin nunawa. Wannan magana ta wanda bai karanta tarihin jihadi ba ce. A ƙasar nan tamu Gimbana take, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa, har rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa garin ta kwashi mutane, aka biyo da su kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su; wannan al'amari kuwa yana daga cikin manyan sabubban hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan saɓanin da ya shiga tsakanin Malam Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya ƙare da rasuwar malamin a 1818, ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, kuma cikin 'yan shekaru kasuwarta ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Usmaniyya.

Dalilin bunƙasar a fili yake. Gari ne da ya zauna a bakin Gulbin Zamfara, wanda ruwansa ke gangarawa ya haɗu da Gulbin Kabi ya faɗa Kwara, kuma yana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja ta ƙasar Bargu. Nan madugu kan sauke ayarinsa a zango, fatoma ya karɓi baƙinsa, dillali ya shiga tsakani, a yi cinikin goro da kanwa da gishirin Foga da tufafin saƙi da dabbobi, a biya da wuri. Gaskiya kuwa ta wajabta a faɗa cewa har bayi an sayar a irin waɗannan kasuwanni, kuma gidan tarihin da zai ɓoye wannan ya ci amanar ilmi, domin tarihi shaida ne, shaidar da aka rage mata wani abu kuwa ta zama zur.

Saboda haka gidan da nake kira a kafa ya kamata ya zama na talaka da basarake baki ɗaya. A ajiye takobin mayaƙi da sirdin dokinsa, na'am, amma a gefensu a ajiye homa da gora da taru na masunta, da tsohon jirgin fito wanda aka sassaƙa daga itace guda, da mudun awo, da ƙoshiyar masaƙi, da mazarin da kakanninmu mata suka yi kaɗi da shi, da zugazugin maƙeri. A nemo kalme da lauje na manoman Maiyama, a gina rumbu irin na da a tsakar gidan. A nuna yadda mutanen Aliero ke adana albasa, a kuma rubuta bayanin sana'ar ɗori wadda ta sa ake ɗauko masu karaya daga garuruwa masu nisa zuwa can. Waɗannan su ne abubuwan da suka ciyar da ƙasar nan, su ne kuma suka fi saurin ɓacewa, don ba wanda ke ɗaukarsu da wata ƙima sai ranar da aka neme su aka rasa.

Mafi tsadar abin da muke da shi kuwa shi ne takardu. A zaurukan malamai da ɗakunan gado akwai gafakoki cike da littattafan fiƙihu da nahawu da tauhidi waɗanda aka kwafa da hannu, da waƙoƙin ajami, da wasiƙu, da takardun rabon gado da na bashi, waɗanda a jikinsu ake samun sunan mai kwafa da na malaminsa da shekarar da ya gama. Gara da danshi da gobara suna cin su, kuma ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi ta rusa gidaje, ta isa ta tuna mana cewa mazaunin bakin gulbi ba ya jinkirta ɗaga kayansa. Abin da muka sani na jihadi a yau mun san shi ne domin Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, waɗansu bayin Allah kuma suka yi ta kwafa suna adanawa, har irin su Wazirin Sakkwato Junaidu suka tattara.

Na san akwai masu shakka ta fuskar addini, suna tsoron kada ajiye kayan mutanen da, musamman layu da guraye da kayan tsafin jahiliyya, ya buɗe ƙofar shirka. Tsoronsu abin girmamawa ne, amma jawabinsa shi ne ayyuka suna bin niyya: mu za mu ajiye ne don ilmi da wa'aztuwa, ba don neman tabarruki ba, kuma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama ga duban abin da ya sami al'ummomin da suka gabata. Yaron da ya ga abin da kakanninsa suka bari suka rungumi tauhidi zai ƙara sanin girman ni'imar da aka yi masa.

Aikin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaki uku ko huɗu a kan tudu, masu iska da rufi mai kyau, sun isa a fara. Sharaɗi mafi girma shi ne rajista: duk abin da aka kawo a rubuta sunansa da na gidan da ya fito, da wanda ya yi shi, da aikin da ake yi da shi, domin kayan tarihin da ba a san asalinsa ba kamar hadisi ne marar isnadi. Wanda ya so ya bayar wakafi, wanda ya so ya bayar ajiya a ba shi takardar shaida, wanda kuma ba ya iya rabuwa da littafin kakansa a ɗauki hoton kowace warƙa a mayar masa da abinsa. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, suna iya wannan aiki da na'urorinsu, su kuma naɗi muryoyin dattawa maza da mata, masunta da mahauta da marina da sanƙira, tun suna raye. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ana iya neman shawararta game da horar da mai kula da gidan.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna su ba da wuri su sa albarka, attajiran Jega su ɗauki nauyin gini kamar yadda suka saba a ayyukan alheri, malamai su buɗe gafakokinsu, ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su riƙe albashin ma'aikata, shugabannin makarantu kuma su riƙa kai yara. Kowannenku idan ya koma gida yau ya duba abin da ya gada, ya tambayi tsohon da ke gidan labarinsa, ya rubuta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.