JAWABI GA IYAYE DA DATTAWAN IKILISIYA A KAN WAYAR HANNU

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan abin da ke aljihun kusan kowa a nan, wato wayar hannu. Da yake yawancinmu manoman rani ne, bari in fara daga gona.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke biyo kanal yana ciyar da Garun Mallam, Kura da Bunkure. Amma kowane manomi ya san ba a sakin ruwa a bar shi ya kwana a kan tumatir. Ana buɗewa, gona ta sha, a toshe. Wanda ya manta bai toshe ba, saiwa ce za ta ruɓe. 'Yan'uwa, haka waya take.

Ban zo in zagi waya ba. Layin GSM ya shigo Nijeriya a 2001, kuma ya rage mana wahala. Yau mai tumatir a Kwanar Gafan yana jin farashin kwando a kasuwar Mile 12 ta Legas kafin ya yi lodi. Matsalar tana wajen Facebook, WhatsApp da TikTok. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, saboda haka an tsara su yadda in bidiyo ya ƙare wani zai fito, don kada mutum ya ajiye.

Me muke asara? Na farko, lokaci. Awa biyu a kullum, a shekara awa 730 ke nan, wato wata guda cur, dare da rana. Wane manomi zai yarda ya bar gonarsa wata guda? Na biyu, kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kowa ya lissafa abin da ya kashe a data a watan jiya, ya gwada shi da kuɗin taki ko kuɗin makarantar yara.

Na uku, wanda ya fi damuna, jita-jita. Ku tuna Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zaga cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Mu kuma ba mu da yawa a wannan yanki, kuma kanal ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Hoto ɗaya na ƙarya da yaro ya tura cikin fushi zai iya rushe zaman lafiyar da iyayenmu suka gina shekara da shekaru. Kamfanin WhatsApp kansa ya ga haɗarin, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda.

Ga shawarata. Kada waya ta zauna da mu a kan tabarmar cin abinci, ko lokacin addu'ar iyali, ko cikin sujada. Da dare a ajiye ta nesa da shimfiɗa. A kashe ƙararrawar saƙonni, a bar ta kira kaɗai. Yawancin wayoyin Android suna da wurin da ake kira Digital Wellbeing, inda ake sa wa kowace manhaja iyakar mintoci. Matasa, ku nuna wa iyayenku. Saƙon da ba ka san tushensa ba, ya tsaya a hannunka. Duk dandalin WhatsApp na ikilisiya a sa dattijo guda yana lura da shi.

Iyaye, daga kanmu za a fara. Yaro ba ya bin abin da aka faɗa masa kamar abin da ya gani. Idan baba yana danna waya har tsakar dare, da wane baki zai hana ɗansa?

Ina roƙon kowane gida ya gwada wannan na mako guda, sa'an nan mu ji sakamako a taronmu na gaba. Allah ya ba mu hikima.