Agogon Bazara: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biya?



Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo sun riga da yawanmu sanin abin da zan yi magana a kai. Wasan Firimiyar Ingila da ake takewa ƙarfe uku na ranar Asabar, a watan Satumba ƙarfe uku ake kallonsa a Kano, amma a Disamba sai ƙarfe huɗu. Agogonmu yana nan yadda yake. Na Ingila ne ake turawa gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba; wannan shi ne agogon bazara.

Dalilin yana sararin sama. A Landan yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba kuwa ba ya cika awa 8. Da ba a taɓa agogo ba, da rana ta fito kafin ƙarfe huɗu na asuba a Yuni, kowa na barci. Wannan hasken da ke tafiya a banza shi ya dami wani magini ɗan Ingila, William Willett, har ya buga ƙasida a kai a 1907. Ya rasu a 1915 ba a karɓi shawararsa ba. Jamus ce ta fara aiwatarwa ranar 30 ga Afrilu 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tattalin kwal. Birtaniya ta bi sahu cikin 'yan makonni, Amurka kuma a 1918. Mu nan, tazarar yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, don haka babu abin da za mu tsinta.

Amfanin a fili yake, kuma ba zan raina shi ba. Ma'aikaci ya taso daga ofis da sauran rana, ya kai yara filin wasa, ya biya kasuwa. Masu kantuna na murna. Ɓarawo ma ba ya son haske.

To amma hujjar asali, wato tattalin makamashi, ta yi rauni. A 2006 jihar Indiyana ta Amurka ta ɗora dukkan yankunanta kan wannan tsari, sai masana tattalin arziki biyu, Matthew Kotchen da Laura Grant, suka bi takardun kuɗin wutar gidaje. Abin da suka gano shi ne shan wuta ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100. An rage kunna fitila, amma mutum ya dawo gida da sauran zafi, sai ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, doka ba ta ƙara wa rana ko minti ɗaya. Awar da aka ba mai yawon yamma, daga hannun mai sammako aka karɓo ta. Ana yawan cewa don manoma aka yi tsarin, alhali su suka fi kowa ƙin sa. Saniya ba ta duba agogo, raɓa kuma ba ta bushewa don majalisa ta ce ƙarfe takwas ta yi. Matsin manoman Amurka ya taimaka aka soke dokar a 1919, duk da Shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na-ƙi. Likitoci ma suna da ƙorafi: wani bincike a Suwidin a 2008 ya ga ciwon zuciya na ƙaruwa a kwanakin da ke biyo bayan tura agogo gaba, lokacin da aka yanke wa mutane awa guda ta barci.

Ga mai azumi, lamarin ya fi fitowa. Magariba rana take bi, tashi daga aiki kuwa agogo. Shi ya sa Maroko, bayan ta zauna kan agogon bazara a 2018, ta riƙa komawa baya da awa ɗaya duk Ramadan. A Lebanon, cikin Maris 2023, gwamnati ta ɗage canjin saboda azumi, cocin Kiristoci Maronawa ya ce bai yarda ba, aka yi kwanaki ƙasa ɗaya agogo biyu.

Sai ku ce, to a daina mana. Nan gizo ke saƙar: a tsaya kan wanne? Amurka ta gwada agogon bazara shekara cur a Janairun 1974 lokacin tsadar man fetur, iyaye suka ga yara na tafiya makaranta cikin duhu, aka janye kafin shekara ta ƙare. Rasha ta gwada a 2011, ta sauya a 2014. Ni dai ina tare da likitocin barci na Amurka, waɗanda a 2020 suka nemi a zauna kan agogon asali, wanda ya fi kusa da rana.

Tarayyar Turai ta tambayi jama'arta a 2018. Mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina canjin, majalisar tarayyar kuma ta amince a 2019. Gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa, maganar ta kwanta. Ba za a ga laifinsu sosai ba: in aka zaɓi agogon bazara, a Madrid rana ba za ta fito ba a ƙarshen Disamba sai wajen tara da rabi na safe.