Mai Farfaɗiya Ma Zai Iya Sa Rigar Agaji

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Kibo, birnin Zariya

Lokaci kaɗan aka ba ni.

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan magana ɗaya. Wani saurayi daga nan cikin ganuwa ya taɓa zuwa neman aikin sa-kai a asibitin da nake aiki a lokacin. Yana da farfaɗiya, idonsa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai ya kawo takarda dab da hanci yake karanta ta. Babban jami'inmu ya dube shi ya ce, "Ɗana, muna neman mai ɗaukar marar lafiya, sai mu ɗauko wanda za a ɗauka?" Aka yi dariya. Ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu. Ta kuma ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ku riƙe wannan 70 ɗin. Cikin mutum goma, bakwai ke nan. Ƙwayar fenobabiton, maganin farfaɗiya, ba tsada gare ta ba, kuma ta haura shekara ɗari a hannun likitoci. Idan bakwai cikin goma za su iya tashi da safe su tafi kasuwa su dawo lafiya, me ya sa muke yi wa goman duka hukuncin ukun? Su ma ukun, faɗuwar 'yan mintuna ce, sauran yinin nasu ne.

Za a ce, idan ya faɗi a ɗakin marasa lafiya fa? To ina ya fi dacewa mutum ya faɗi, bakin murhu ko gaban nas? A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, idan faɗuwar ta wuce minti 5 a kira likita. Batun wai yawunsa yana yaɗa ciwon kuwa, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba.

Raunin gani ma haka. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma shi Annabi (SAW) ya sha bar wa riƙon Madina. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati. Aikin albashi ke nan, balle na kyauta.

Duk wanda ya yi jinya a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya san tsohuwar da ba ta da mai zama da ita, da baƙauyen da aka yi wa bayanin magani da Turanci ya gyaɗa kai bai fahimta ba. Taimaka wa irin waɗannan aikin baki ne da kunne da haƙuri. A ba masu farfaɗiya wannan aiki da rana, tunda rashin barci yana tayar da ciwon, a haɗa kowanne da abokin aiki, a raba su da tura gado da hawa tsani.

Shugabannin 'yan agajinmu na Zariya, kuna nan zaune a gabana. Idan irin wannan saurayi ya zo muku gobe, ku tambaye shi maganin da yake sha, ku ba shi riga.